Ki Aiko Mini da Akwatin Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baban yara da yaran duka, da kuma Mama. Kullum kuna cikin addu'armu ta safe, musamman gwiwar Mama. Allah ya ba ta sauƙi, ke kuma ya ƙara miki haƙuri, don na san jinyar Mama, ba ciwon ne ke gajiyar da mutum ba, gardamar shan magani ce. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ɗana Babba ya yi tsawo har ya wuce ni, yanzu sai na ɗaga kai nake yi masa faɗa. Auta ta shiga ƙungiyar mawaƙa, muryar dai ba ta kai ƙwazon ba, amma Allah ba ya raina abin da aka kawo masa. Maigidana Fasto kuwa maƙogwaro ke damunsa, muryarsa ta dushe, kuma wannan dushewar ce ta sa na ɗauki biro.

Lasifikar majami'armu ta daɗe ba ta da lafiya. Sai ana tsakiyar wa'azi ta kama gurnani, ta ɗauke, ta dawo. Ni kuwa daga inda nake zaune kunnena ya riga ya gaya mini waya ce ta saki a baya, aikin ɗigon dalma ɗaya. Kin san inda na samo wannan kunnen. Ke kina gudun shagon gyaran rediyon Baba saboda warin dalma, ni ko sai an kore ni. Kin tuna Baba ne ya raɗa mini Filaya, sunan ƙarfen nan da yake kama waya da shi, wai abin da na kama ba na saki. Yaya, rabon da in ji wani ya kira ni da sunan nan har na manta. A nan ni Maman Fasto ce, har tsofaffin da suka haifi kamata haka suke kirana. Wurina bencin gaba, hannuwa a kan cinya, fuska da murmushi, duk majami'a kuma tana kallon ƙeyata. In na sake ɗaurin ɗankwali, kafin a tashi sujada an san da shi.

Kwanakin baya wani mai haɗa wutar sola ya zo aiki gidan maƙwabta. Na tsaya ta katanga ina kallo, bakina ya ƙi yin shiru, na yi masa tambaya kan batir, daga nan hira ta ɓarke. Da ya ji 'yar waye ce ni da irin abin da na sani, sai ya ce yana da gurbin mai koyo guda a shagonsa, da safe kawai, in ina so nawa ne. Amma ya ce ba zai riƙe mini shi ya wuce ƙarshen watan nan ba, akwai masu jira. Bai kuma ɓoye mini ba, aikin na hawa tsani ne da tafiya kan rufin kwano, zane ba ya yi, sai wando. Ranar na dawo ɗaki zuciyata na tsalle kamar ta yarinya, na ɗora ruwa a wuta na manta da shi har tukunyar ta ƙone.

Na gaya wa Fasto. Allah ya sani bai hana ni ba. Ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce shi ba ya ganin zunubi a ciki, sai dai in tuna dattawan ikilisiya ne ke da ta cewa kan zamanmu a nan, kuma ba dukansu ke ƙaunarsa ba. Da ya ce a'a ma da ya fi mini sauƙi, da na sami wanda zan ɗora wa laifi. Ban san ta inda maganar ta fita ba, sai ga shugabar zumuntar mata ta zo gaishe ni, bakinta kamar zuma. Ta ce ta ji wani labari amma ta ƙaryata, don ta san Mamansu ba za ta bari a hango ta a saman rufin mutane da wando ba. Ta ce matar fasto madubi ce, in ina jin zaman banza ne, ga ajin ɗinki na zumunta yana neman mai kula. Yaya, ni da ɗinki! Kin dai san yadda na yi da rigar makarantarki. Amma murmushi na yi, na yi mata godiya, har na raka ta bakin titi. Na dawo na zauna, gaba kura baya siyaki: in na tafi, na jawo wa mijina baki, in na zauna, na san wannan ƙofar ba za ta sake buɗe mini ba.

Har na yanke in aika wa mai sola ya ba wani gurbin, sai ga Lahadin da ta wuce. Fasto na cikin wa'azi lasifikar ta mutu ɗungurungum. Masu kula da ita suka yi ta murɗa abin da ba shi ne ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ina miƙewa na ji majami'ar ta yi tsit a bayana, na ji idanu a wuyana kamar zafin rana. Kin san abin da na yi? Zanena na gyara, kamar dama abin da ya tashe ni ke nan, na koma na zauna. Fasto ya ƙarasa wa'azin da ihu, jijiyoyin wuyansa a tashe, yana tari. Da muka koma gida ko ruwa bai iya roƙa da baki ba, sai nuni. Na bar mijina yana tsage maƙogwaro don kada a ga matarsa a durƙushe bayan akwatin lasifika. Na ji kunyar kaina, kunyar da ta fi wadda nake gudu.

Tun ranar addu'ata ta rikice. Na lura duk kwanakin nan abin da nake roƙon Ubangiji shi ne ya rufe bakin mutane, ban taɓa tambayarsa me shi yake so da hannuwan da ya ba ni ba. Ashe bencin bayana nake tsoro fiye da Wanda nake durƙusa wa. Shi Yesu da ya girma a shagon kafinta, ƙurar katako a jikinsa, ban ga yadda zai ji kunyata don na riƙe sukudireba ba. Kuma ranar da zai tambaye ni baiwar da ya ba ni, shugabar zumunta ba za ta tsaya ta amsa mini ba. Kada ki ɗauka na zama jaruma. Har yanzu ina tsoron tsanin nan da idanun nan, kuma ban san abin da dattawa za su yi mana ba. Na dai sake yi wa Fasto maganar. Da 'yar muryar da ta rage masa ya ce in yi abin da zan iya tsayawa da shi gaban Allah, shi zai tsaya gaban dattawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuma na san nawa: in aka bar ni da kaina, zan sake gyara zane in zauna.

Shi ya sa nake roƙonki abu ɗaya. Akwatin kayan aikin Baba da ke ƙarƙashin gadon Mama, ki aiko mini da shi kafin watan nan ya ƙare. Ki ba direban da ke kawo mana saƙo, amma ki ce kada ya kawo gida. Ya kawo ƙofar majami'a ranar Lahadi, daidai lokacin da ake tashi sujada. Kada ki sa shi cikin buhu, kada ki naɗe shi da zane, a bar shi da tsatsarsa yadda kowa zai gane ko mene ne. In na karɓe shi a gaban jama'a na ɗauka da hannuna, ba ni da sauran wurin ɓuya. Ki manna takarda a kai ki rubuta sunan nan da Baba ya raɗa mini da manyan baƙaƙe, amma kada ki rubuta Maman Fasto. Direban zai tsaya yana tambayar wace ce, ba wanda zai sani, dole ni in buɗe baki in amsa.

Ki gaishe mini da Mama, ki ce ta sa ni a addu'a, ta kuma sha maganinta. Ki gai da Baban yara, da Kawu Dogo, da Goggo Ƙarama, da 'yan biyunki masu ɓarna. Fasto da yara suna gaishe ku, shi dai da hannu yake gaisuwar. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Ni ce ƙanwarki,
Filaya