Ƙorafi Kan Yaron da Rufe Hanya Ya Raba da Uwarsa

Daga: Mai guga, Sashen Wanki, Babban Asibiti
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Taƙaita Tafiye-tafiye
Kwanan wata: 9 ga Shawwal

Game da: Hana ni izinin ɗauko ɗana mai shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da muƙaminka, ina neman izinin gabatar da kokena. Tun farko ina so a sani cewa ban raina dokar hana tafiya ba. Zannuwan gadon masu wannan annoba ta hannuna suke bi kullum, na san abin da ke cikinsu, ba labari aka ba ni ba.

1. Sanarwarku ta farko ta ce za a rufe hanya ranar 27 ga Ramadan. A kan wannan magana na dogara. Kowace shekara nakan tura yarona garinmu yin Sallah wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tun kafin motoci su cika, ni kuma in biyo baya idan an ba ni hutu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar 20 ƙanena ya kai shi, ya juyo washegari saboda aikinsa. Na nemi hutuna daga ranar 25. Kwatsam ranar 22 aka sanar a rediyo cewa an rufe hanya daga wannan rana. Babu wanda ya tambaya ko akwai iyayen da 'ya'yansu suka riga su tafiya, kuma mun yi yawa.

2. Na haƙura, na yi Sallah ni kaɗai a ɗakina, kayan Sallar yaron suna ninke a kan akwati. Inna ta kira ni tana dariya, wai in kwantar da hankalina, maigidanta yana nan yana mulkin gida, haka take tsokanar jikan nata. Ranar 2 ga Shawwal da hantsi ta faɗi a bakin famfo. Yaron ne ya je ya jawo zanin maƙwabciya. Kafin la'asar an binne ta. Allah Ya jiƙanta da rahama.

3. Ranar 4 ga Shawwal, da aka buɗe ofishinku, na je neman izini. Jami'in da ke taga ta biyu ya nuna mini cewa jana'iza tana cikin dalilan da aka amince da su, amma tunda an riga an yi ta Inna, dalilin ya faɗi. Ya ƙara da cewa izinin kan ɗauki kwana uku kafin ya fito. Ranka ya daɗe, da dukkan ladabi nake tambaya: wace gawar Musulmi ce ke jiran kwana uku? Wanda ya tsara wannan ƙa'ida ko dai bai taɓa rasa kowa ba, ko kuma ya san babu mai cin moriyarta. Na ce to a ba ni don in ɗauko ɗana. Ya duba takardarsa sama da ƙasa, ya ce babu wannan a ciki, ya ba ni haƙuri, ya rufe tagar.

4. Ranar 6 na tafi shingen da ke bayan gada da ƙafata. Gani ya kori ji. Mutane zube a bakin titi da jakunkunansu, wasu na zagin jami'ai, wasu sun gaji da zagin sun yi tagumi. 'Yan babur na ɗibar mutane ta cikin gonaki. An lulluɓe wasu da tamfol a bayan motar kaya, a matse, numfashin wannan a fuskar wancan. A gabana kuma aka ɗaga wa motoci masu baƙin gilashi sandar shingen, ba a ko leƙa ciki ba. Wani direban motar kaya ya ce in hau, akwai wuri. Wallahi ƙafata ta kai bakin motar. Na fasa, domin na san inda nake aiki, kuma ban yarda in kai wa tsofaffin garinmu abin da zai kwantar da su ba. Yau ni da na bi doka ni ce a nan, waɗanda suka bi ta gona sun yi Sallah da iyayensu.

5. Yanzu yaron yana hannun maƙwabciyar Inna, tsohuwa mai ciwon gwiwa da jikoki biyar a ɗaki ɗaya. Allah Ya saka mata, amma ƙarfinta ya ƙare. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye. Ta ce ya daina cin abinci sosai, ya koma fitsarin kwance, kuma kullum yana zaune a ƙofar ɗakin Inna da aka garƙame. Ina jin tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Saboda haka ina roƙon mai girma Shugaba ya ba ni izinin zuwa da dawowa sau ɗaya tak. Na yarda a gwada ni, a killace mu tare da shi iya kwanakin da kuka ga dama. Ina kuma roƙon a sa ɗauko yaro cikin dalilan izini, don ba ni kaɗai ba ce a bakin tagar nan.

Ina roƙon a gaggauta, saboda har yau ba a gaya masa ba. An ce masa Inna ta yi tafiya. Jiya a waya ya ce mini kada in damu, ita ma hanya aka rufe mata, idan aka buɗe mu biyu za mu dawo. Ni ce ya kamata in gaya masa gaskiya, kuma ba zan gaya masa ta waya ba, sai yana kan cinyata.

Ka huta lafiya, Allah Ya taya ka riƙo.

Mai biyayya a gare ka,
Uwar yaron,
Mai guga, Sashen Wanki