Duwatsun Inna a Ƙarƙashin Teku

Nagoya, 3 ga Yuni

Zuwa ga Tomoe, matar yayana,

Gaisuwa, da fatan ruwan damina bai takura muku ba. Bayan haka, me nake ji? An ce kullum da safe kina ɗora Inna a kwale-kwale kuna fita teku. Tomoe, kina da hankali kuwa? A gabanki likita ya ce sankarar ciki ce, ba za ta ga sabuwar shekara ba. Mun ɓoye mata kamar yadda ake yi, mun ce gyambon ciki ne. Na samar mata gado a asibiti nan Nagoya, ke kuma kina jiƙa ta da ruwan gishiri!

Na san abin da kike hari. Shekara hamsin Inna tana nutso tana ɓamɓaro awabi, dodon-koɗin tekun nan mai tsada, ba ta taɓa nuna wa kowa duwatsun da take samunsa ba. Kina so ki tatse ta kafin ta cika. Zan turo mota ran Asabar.

Ki gai da Yaya Shinpei.
Fumie

Shima, 7 ga Yuni

Fumie,

Muna lafiya, ya birni? Na karanta takardarki, saura kaɗan in cusa ta a murhu.

Ni ce nake tatsarta? Shekara ashirin ina gidan nan, uwarki ba ta taɓa kiran sunana ba, sai “ke ’yar tudu”. In mun fita nutso, sai ta yi ta zagaye don kada in ga inda take shiga. Ni na wanke mata kaya, ni na dafa mata shinkafa, tana cewa miyata ruwan wanka ce. Kina ina lokacin?

Ita ta doki ƙofata da sanda, ta ce, “Tashi, raguwa, ɗauko tabaran nutsonki.” Na ce, “Inna, ba ki da lafiya.” Ta ce, “Shi ya sa nake sauri, sakarya.”

Ba ta shiga ruwa, ba ta da ƙarfin. Tana zaune cikin bargo tana nuna mini: in waccan bishiyar ta daidaita da rufin wurin ibada, nan ne, ki nutsa. In na fito hannu wofi ta zage ni tas. In na ɗebo ƙanana ta ce in mayar, na jikokinta ne. Wurare goma sha ɗaya take da su, mun yi bakwai. Jiya ta cinye kwano guda na shinkafa, rabonta da haka tun watan Maris.

Wallahi har yanzu haushinta nake ji. Amma motarki ba za ta ɗauke ta ba.

Ki huta lafiya.
Tomoe

Nagoya, 10 ga Yuni

Tomoe,

Gaisuwa. Ashe gaya mata kika yi! In ba haka ba, saurin me take yi? Kin karya maganar da muka ƙulla mu uku, ni da ke da Yaya. Uwata ce, ba taki ba. Na ɗaga zuwan motar zuwa Laraba, kuma ni da kaina zan zo. In ta mutu a cikin wannan kwale-kwalen, ba zan yafe miki ba har abada.

Fumie

Shima, 12 ga Yuni

Fumie, ’yata,

Ni ce uwarki. Tomoe ke rubutawa, hannuna rawa yake yi, ita kuma rubutunta kamar tsakurar kaza.

Babu wanda ya gaya mini. Rabona da in ji kin ce mini “sannu” tun kina goye, amma ranar da muka ga likita sau huɗu kika faɗa a bakin asibiti. Ƙarya ma ba ku iya ba.

Saura wuri biyu. Ba zan kwanta ina kallon rufin ɗaki in tafi da su ba. Ki bar motar a Nagoya, ki hau jirgin ƙasa ki zo. Yayanki ciwon baya ya riƙe shi, kuma dutsen ƙarshe yana da zurfi, ana bukatar mai jan igiyar da Tomoe za ta ɗaura a ƙugu. Ki zage ta son ranki, amma ki ja.

Uwarki,
Masae