Lawali Ya Mutu Yana Jiran Izininka

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Riyadh,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dattawan da ke zama da kai.

Ranka ya daɗe, ni ne Mamman, mutumin Maradi, direban gida a unguwar Malaz. Ni ne yayan Lawali, wanda ka tsaya a sahun gaba aka yi wa sallah kwanakin baya. Na same ka a gida na yi maka magana tsakanina da kai, ka sallame ni da "Allah ya ba da haƙuri". To haƙurin ya ƙare, tura ta kai bango. Zan faɗa a gaban kowa, domin har yanzu akwai samari a ɗakin da Lawali ya mutu, kuma abin da ya ci shi yana cikin aljihunsu.

Na farko, ba zan rufe laifin ƙanina ba. Lawali yana shan ƙwaya, irin tiramol ɗin nan da masu aikin gini ke haɗiya don su iya ɗaukar siminti cikin ranar garin nan. Na yi masa faɗa har bakina ya gaji. Ranar Juma'ar da abin ya faru, bayan an sauko daga masallaci, ya sha ta wuce kima a ɗakinsu na Jaradiya, ya zube, leɓɓansa suka canza launi. Ni ina can na fita da iyalin maigidana, ban san wainar da ake toyawa ba.

Yaran ɗakin suna da waya a hannu, sun kuma san lambar motar asibiti. Amma kai suka kira. Me ya sa? Saboda dokar da ka kafa mana, wadda ake karanta wa duk sabon zuwa tun kafin ya ajiye jakarsa: duk abin da zai jawo asibiti ko askar, wato 'yan sanda, ba a taɓa shi sai an ji daga bakin Shugaba. Kai kuma da ka ji biyu daga cikinsu iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu, sai ka ce kada kowa ya kira kowa, a ɗura masa madara, a watsa masa ruwa, barci ne zai warware, za ka turo mota bayan la'asar.

Suka yi yadda ka ce. Suka ɗura wa mutumin da ba ya cikin hayyacinsa madara. Da ya fara wani irin minshari, Sani abokin kwanansa har hamdala ya yi, wai barci ya kama shi. Likitan da ya karɓi gawar ne ya gaya mini cewa wannan ba minshari ba ne, numfashi ne ke ƙarewa. Ya ce masu motar asibiti suna da allurar da kan dawo da numfashin mai irin wannan hali idan an kira su da wuri. Motarka kuwa ta iso ana kiran magariba, ta ɗauki gawa.

Na biyu, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Askar ɗin da ka ɓoye mu daga gare su, ai sun zo daga baya, dole. Babbansu dattijo ne, ni na yi masa tafinta. Bai ɗaga wa kowa murya ba. Ya dubi kwalin madarar da ke ƙasa, ya tambaye ni me ya hana mu kira. Na gaya masa gaskiya, tsoro ne. Ya girgiza kai ya ce a shirye yake ya zo taronmu tare da ma'aikatan lafiya, su nuna wa samarinmu abin yi idan mutum ya faɗi, in dai shugabanninmu sun buɗe ƙofa.

Na kawo maka wannan saƙo da ƙafata. Na haɗa da abin da na ji a rediyo, cewa a wasu ƙasashe 'yan sanda da kansu ke raba wa masu shaye-shaye wani maganin fesawa a hanci, wanda ke riƙe ran mutum kafin likita ya iso. Ban ce dokar ƙasar nan ta yarda da haka ba, ni direba ne, ban sani ba. Cewa na yi ga dama ta samu, mu tambaya. Amsarka na nan a kunnena: "Mu ba mu da 'yan ƙwaya a cikinmu, kada ka jawo mana ido."

Ba mu da 'yan ƙwaya, Alhaji? To wa muka binne? Ka ratsa unguwar Batha da yammacin Juma'a ka dubi idanun yaranmu da ke jingine a bakin shagunan aika kuɗi. Kowa ya sani, kai ma ka sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sunan ƙungiya kake karewa, ka fi son a ce 'yan gida mutanen kirki ne ko da kuwa ana ɗaukar su ɗai-ɗai zuwa maƙabarta. A wurin ta'aziyya har ka sanar da mutane cewa zafin rana ne ya kayar da shi. Na yi shiru a ranar don darajar mamaci, ba don na yarda ba.

Na san abin da kake tsoro, ni ma ina tsoronsa. Ba wanda ya ƙetaro teku don a mayar da shi gida hannu rabbana. Amma wanda aka kora yakan isa gida da ƙafarsa, uwarsa ta gan shi ta yi masa faɗa. Lawali iƙamarsa lafiya lau take, yana kwance a ƙasar da ba mai zuwa kabarinsa daga gidanmu sai ni. Yaran nan biyu da ka ce kana rufa wa asiri, ka je ka ga Sani, ɗaya daga cikinsu. Ba ya iya cin abinci, ya ce hannunsa ne ya riƙe kofin. Kuma don ya manta, ƙwayar ya ƙara.

Ga abin da nake nema, kuma ba roƙo na zo yi ba. Ka tashi a taro mai zuwa ka soke dokar nan da bakinka, kamar yadda ka kafa ta da bakinka. Ka gaya wa jama'a cewa idan mutum ya faɗi, motar asibiti ake kira, kuma ba a ɗura masa komai. Ka karɓi jami'in nan da ma'aikatan lafiya, ka tambaye su batun maganin fesawar a gabanmu, in akwai a ba mu, in babu mu ji daga bakinsu. Sannan ka daina cewa rana ce ta kashe ƙanina.

Ko ka yi ko ba ka yi ba, ni na riga na je ɗakin. Na tara su na ce daga yau duk wanda ya faɗi a kira motar asibiti nan take, in aka tambayi wanda ya ba da izini a ce Mamman ne, ga inda yake aiki. In kora ce ta biyo baya, ni a fara ɗauka. Gara in koma Maradi ba ko sisi da in sake wanke gawar yaron wani.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon jin gaskiya ko daga bakin na ƙasa da kai. Allah ya jiƙan Lawali, ya shiryi waɗanda ya bari a ɗakin, ya sa mu kai gare su kafin mutuwa ta kai.

Wassalam.

Naka,
Mamman direba, yayan marigayi,
Malaz, Riyadh.