Na Kori Mahaifiyata Da Bakin Mijina Saboda Tatsuniya

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, ina wuni, ya aiki, ya haƙuri da mu? Don girman Allah a ɓoye sunana. Ku kuma masu karatu, na san da yawanku za su zage ni, amma ku daure ku kai ƙarshe tukuna, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Safana, 'ya'yana uku, ina ɗinki a gida, mijina malamin firamare ne. Asalinmu wani ƙauye ne can bayan Batsari. Ni ce 'yar fari wurin Innata, kuma kun san yadda ake kunyar ɗan fari a wurinmu. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" nake, ko "waccan". Ba ta taɓa ɗora ni a cinya ba. Kakannina mata duk sun rasu kafin a haife ni, don haka tatsuniya sai dai in ji ta ta kan katangar maƙwabta. Wallahi ban ma san Inna ta iya ba.

Bara da abin ya yi tsanani, mutanen ƙauyenmu suka watse saboda 'yan bindiga, Inna ta zo wurina da ƙullin kayanta. Mijina da kansa ya sa aka gyara mata ɗaki. To amma surukai ne, gaisuwa daga nesa kai a ƙasa, ba ya zama inda take, ba ta cin abinci in yana tsakar gida. Duk saƙon da ke tsakaninsu ta bakina yake bi. Ku riƙe wannan, don nan na samu ƙofa.

Babbar 'yata shekararta takwas, ita ma 'yar fari ce, ni ma ba na kiran sunanta. Haka na taras, haka na yi. Sai ga shi cikin sati guda matar da ba ta taɓa yi mini dariya ba ta koma wata daban. Bayan isha'i za ta shimfiɗa tabarma, ta janyo yarinyar ta ce, "Zo nan ƙawata mai ƙaton kai, ga ta nan ga ta nanku." Yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Ta maƙale murya ta yi kura, ta buɗe ta yi dodo, ta rera waƙa tana tafi. Ni ina bakin keke ina ƙarasa ɗinkin mutane, zuciyata na tafasa. Ashe duk wannan yana cikinta? Ina ta ajiye shi shekara talatin? Ni ba yarinya ba ce a lokacin?

Kuma abin ya shiga yarinyar sosai. Ta daina ƙarya, wai Kaka ta ce mai ƙarya wutsiya yake fitarwa. In ta ga tsohuwa da kaya sai ta karɓa, wai ba a san wadda za ta ba ka ƙwaryar arziki ba. Ranar da tuwo bai kai ba, ni ce nake hana cikina in ƙara mata, amma wadda ke mantar da ita yunwa Kaka ce, godiyar ma ta Kaka ce. In aka yi jita-jitar 'yan bindiga sun kusa gari, zanen Kaka take riƙewa. Da ta yi zazzaɓi ni na goya ta zuwa asibiti, tana bayana tana kiran Kaka. Na rasa ma wa nake kishi da shi, uwar da ta ƙwace mini 'ya, ko 'yar da ta samu uwar da ni ban samu ba.

Wata rana Inna na fama da tari, na ce bari in gwada. Na zauna na fara, ban yi nisa ba yarinyar ta ce, "Mama, ba haka ake yi ba, taki ba waƙa. Bari Kaka ta warke ta koya miki." Ƙannenta suka kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, amma Allah ya sani ranar na ƙulla abin da na ƙulla.

Bayan kwana biyu na samu Inna tana tsince wake, na ce, "Inna, Malam ya ce in faɗa miki, tatsuniyar nan a daina, ƙarya ake koya wa yara. Kuma ya ce gidan ya yi masa nauyi, ga tsadar hatsi." Wallahi tallahi bawan Allah nan bai ce ko ɗaya ba. Na san ba za ta taɓa tambayarsa ba, kunya ba za ta bar ta ba. Hannunta ya tsaya cikin waken, ta ce, "Ya yi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Dama an ce mutane sun fara komawa girbi." Ni tatsuniyar kawai na so a daina, maganar nauyin ban san lokacin da ta fito ba. Da mijina ya ji za ta tafi ya ce, "Ki roƙe ta ta zauna, daji bai kwanta ba." Na ce na roƙa ta ƙi.

Akwai wata tatsuniya da ta fara musu ba ta ƙarasa ba, ta wata mata da ta haifi 'ya a garin da dodo ke kiran yara da sunansu ya tafi da su. Sai matar ta ɗauki sunan 'yarta ta zuba a gora ta toshe, ba ta ƙara faɗarsa ba. Da safen da Inna za ta tafi, mai babur na jira a waje, yarinyar ta riƙe mata zane sai an ƙarasa. Inna ta ce, "Ke ƙawata, ba a tatsuniya da rana, mai yin ta ɓata yake yi." Yarinyar ta fashe da kuka. Sai Inna ta ja ta bayan rumbu, ni kuma na laɓe jikin danga.

Na ji ta ce 'yar ta girma tana jin haushin uwarta, tana ganin ba a son ta. Da dodon ya mutu, uwar ta tsufa, sai ta buɗe gorar, sunan ya fito sabo fil kamar ranar suna. Yarinyar ta ce, "Kaka, wane suna ne?" Sai Inna ta sassauta murya ta faɗi sunana. Sunana na yanka. Ban taɓa jin shi a bakinta ba sai ranar. Ta ce, "Ƙurunƙus," ta ɗauki ƙullinta.

Kun san abin da na ji? Ina ma in ce muku na fito da gudu na faɗi gabanta. Hawaye na zuba, amma abin da ya fara zuwa raina shi ne, ko wannan ma jikarta ta faɗa wa, ba ni ba. Na share ido na fito na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Wace irin zuciya ce wannan?

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da 'yan bindiga suka sake shiga ƙauyenmu. Waɗanda suka fito Batsari sun ce sun ga Inna ta yi cikin dawa tare da wasu mata, daga nan ba wanda ya sake ganin ta. Can ba sabis ɗin waya. Mijina ya je Batsari sau uku yana bin gidajen da 'yan gudun hijira suka sauka, ya dawo yana ba ni haƙuri, yana cewa laifinsa ne da bai cire kunya ya roƙe ta da bakinsa ba.

Yarinyar kuwa ta daina cin abinci sai an matsa. Jiya da hantsi ina ɗinki ta zo ta tsaya kusa da keke, ta ce, "Mama, ni na ɓatar da Kaka. Ta ce ba a yi da rana, ni na sa ta." Na ce camfi ne, ba gaskiya ba ne. Ta ce, "To me ya sa ta tafi?" Na tsayar da keken. Sai ta kwantar da kanta a cinyata, karo na farko tun zuwan Inna. Kuma Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

In na yi shiru, yarinyar nan za ta girma da yaƙinin ita ta ɓatar da kakarta. In na faɗa mata gaskiya, kan nan da ta kwantar a cinyata za ta ɗauke shi, kuma ban ga ranar da za ta maido ba, balle in yi maganar mijina da na ara bakinsa ba da saninsa ba. Ku taya ni addu'a Allah ya bayyana Inna da rai. Amma yarinyar za ta dawo daga islamiyya an jima, kuma na san tambayar jiya za ta sake yi mini. Me zan yi?