Kada a Cike Tabkin Kurna

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ce Raihanatu ɗiyar Malam Illo, wadda kuke kira Inna, nake rubuta wagga takarda da hannuna a ɗakina na Birnin Ƙonni. Hankalina garau yake. Ƙafa ce ta ƙi, numfashi kuma ya fara yi mini rowa, amma kai yana nan inda Allah ya aje shi. Duk wanda ya ce Inna ta rikice, ya zo in ba shi labarin ƙuruciyarsa a gaban matarsa, mu ga wanda zai fara neman ƙofa. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, sauran a yaƙi da jahilci na tsinto shi.

Zuwa gare ku ɗiyana, Usman da muke kira Dogo, da Yusuf, da Hadiza.

Na ɗaya. Inda rai ya fita, nan za a rufe ni, kada a tsaya jiran na nesa. Babu wanda ke bi na komai, sai babbar tukunyar ƙarfe ta maƙwabciyata Badi'a da na aro tun sunan ɗan Yusuf. A mayar mata, a wanke ta tukuna, don bakinta ya fi tukunyar faɗi.

Na biyu. Gidan nan, da gonar Alela, da awaki, da ƴan kunnena, a raba su yadda Allah ya ce. Liman Ishaku ya san aikinsa. Ni ba ni da ta cewa a nan.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Tabkin Kurna da ke kan hanyar Malbaza, wanda na gada wajen ubana, na yi wasiyya da shi ga jikata Raihanatu ɗiyar Hadiza, wadda kuke kira Takwara don bakinku ba ya iya faɗin sunana. Na tambayi Liman sau biyu, ya ce ɗiyar ɗiya mace ba ta cikin magada, saboda haka wasiyya ta halatta gare ta, in dai ba ta wuce sulusin dukiya ba. An auna, tabkin bai kai ba. Shi da maigari Hamani shaidu ne.

Na san abin da kuke cewa a bayan idona, wai yarinya ta ƙare jami'a har ta zama dokta, maimakon ta duba mutane sai ta ɓige da duba kwaɗi. Ni ma na yi mata tsiya iyakar iyawata. Ranar da ta fara zuwa da takalman roba har gwiwa da koma a kafaɗa, na tambaye ta ko masunci ne ya yi mata alkawarin aure. Amma ni na zauna na kalli aikin, ku ba ku zauna ba. Tana kama kwaɗo, ta auna shi, ta ɗebi ɗan abu a yatsansa da bai kai ƙwayar gero ba, ta sake shi ya koma ruwa yana zaginta. Ɗan abin nan take sa wa a kwalba ta kai Yamai, can na'ura ta karanto mata asalinsa, dangin wane tabki ne, da su wa ya haɗa kaka. Na ce mata ashe maroƙiyar kwaɗi na haifa, mai jero musu asali. Kunkurun ruwa kuwa tsaga take yi masa a gefen ƙoƙo, kamar yadda makiyayi ke yi wa kunnen saniya, don in ta sake kama shi baɗi ta gane shi. Akwai wata tsohuwar kunkuru da take kamawa kowace damina, ta raɗa mata suna Inna. Na yafe mata wannan.

Abin da ta fahimtar da ni shi ne, irin wannan aiki ba a yinsa sai an bi tabki ɗaya damina bayan damina ba yankewa. Tana da wasu tabkuna wajen Illela da take kwatantawa da namu, amma namu ne wanda ta fi daɗewa a kansa, da shi take auna sauran. In an cike shi, duk abin da ta tara tun tana ɗaliba ya zama labarin da aka katse a tsakiya. Ni kuwa kun san ban taɓa barin labari a tsakiya ba, ko tuwo na ƙonewa.

Dogo, ka tuna ranar bayan ƙaramar salla, da rani ya kai maƙura. Ka tsaya bakin tabkin ka ce busasshen rami ne, babu komai a ciki sai tsagaggiyar laka, za ka zuba jar ƙasa ka yi wa motocinka na siminti wurin kwana. Takwara ba ta yi maka gardama ba. Ta ɗauki ƴar fartanya ta tona a hankali kamar kamu ɗaya, ta ciro maka kwaɗo a dunƙule cikin wata fata kamar leda, yana barcinsa yana jiran ruwa. Ta ce maka, «Kawu, duk ƙarƙashin ƙafarka haka suke.» Kai kuma ka ce a kai wa matarka Sahiya ta sa a miya. Mutane suka yi dariya, har da ni, don maganar ta yi daɗi. Ita ba ta yi ba. Ta mayar da shi, ta rufe, ta hau kabu-kabu ba ta ci abincin salla ba. Bayan nan ka aiko mota ta juye jar ƙasa tsibi guda a bakin tabkin ta gabas. Tun daga ranar ba ku gaisa ba, Hadiza kuma ta bar zuwa gidanka. Ina kwance amma duk ina ji.

Na huɗu. Takwara, ke ma ba ki tsira ba. Tabkin na ba ki, ban ba ki ƙofarsa ba. Kada ki kewaye shi da waya. Shanun Fulani sun sha ruwa a nan tun zamanin ubana, mata na ɗibar yumɓu, yara na wanka. In aikinki na son wani gefe a bar shi, ki je wurin maigari ki roƙa da baki mai daɗi, kamar kowa. Kuma ke za ki fara zuwa gaida kawunki, ki durƙusa, don shi ne babba. Karatu bai ɗauke miki wannan ba. Ki tafi da goro, ki bar kwaɗo a gida.

Na biyar. Takardun da ta rubuta, waɗanda aka buga a ƙasashe, duk wadda ta fito takan kawo mini guda. Suna cikin adakata ƙarƙashin zannuwan Makka. Ba na jin harshen da aka rubuta su, hotunan nake kallo, ga damo, ga guza, ga kwaɗon Kurna an ɗauke shi ya buɗe ido kamar sabon ango. Sunan kuma ina iya karanta shi, tunda nawa ne. Kada in ji an naɗe ƙosai da su. Yusuf, kai ka kai su kolejin ƴan mata da ɗiyarka ke zuwa, ka ba malamin kimiyya hannu da hannu, ka ce masa wadda ta rubuta a nan unguwar ta yi rarrafe. Ƙananan kwalaben da ke cikin firjina kuwa, Takwara ta kwashe abinta tun kafin ƴan zaman makoki su cika gida. Sahiya ta taɓa ɗaukar guda tana zaton maganin sanyi ne, Allah ya sa na farka.

Na shida. Dogo, ban ce buƙatarka ƙarya ce ba. Na san motocinka a bakin kwalta suke kwana, ɓarayi na zuƙe musu mai, jandarma na damunka, kuma da motocin nan ka riƙe gidan nan tun rasuwar ubanku. Ba zan iya yi maka wasiyya ba, kai magaji ne. Roƙo nake. Yusuf da Hadiza, in an zo rabo, ku bar wa yayanku faƙon nan na gaban gonar Alela ya faɗa cikin kasonsa. Ko ƙaya ba ta tsira a kansa, ƙasa ce mai tauri da za ta ɗauki mota ba sai an cike ba. Ya fi tabkin nisa, na sani. Taya gare su.

Liman ya ba ni shawara in ba Takwara tabkin kyauta tun ina da rai, a yi takarda a meri, ofishin magajin gari, bakin kowa ya mutu. Na ƙi. Abin da aka ƙwace da takarda, gaba yake haifarwa har jikoki. So nake ku miƙa mata da hannunku, kuna iya hanawa amma ba ku hana ba.

Saboda haka wanda na naɗa ya zartar da wasiyyar nan shi ne Usman Dogo. Ba Yusuf ba, ba Liman ba. Na san kanka da tauri, ni na yi naƙudarsa. Amma tun kana yaro ban taɓa ba ka ajiya ka ci ba, ko ƙuli-ƙuli ne. Yau ga ajiyata ta ƙarshe. Kai za ka tsaya gaban maigari ka nuna iyakar tabkin, kai za ka kori duk mai son yin bulo a cikinsa da rani. Tsibin jar ƙasar nan kuma motarka ta kawo shi, motarka za ta kwashe shi kafin ruwan farko ya ja shi ciki. In na riga ruwan tafiya, kada ka jira sadakar arba'in, ka kwashe ko ana zaman makoki. Wanda ya ce ba ka yi mini kara ba, ka ce ni na aike ka.

Na yafe muku nonon da kuka sha da wahalar da kuka ba ni, ku ma ku yafe mini bakina. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ɗiyan da za su yi muku abin da kuka yi mini. Ku riƙe juna. Salla ta zo, a gidan Dogo za a ci, kowa da kowa, Hadiza a gaba. Takwara kuma a zuba mata da yawa, ta ci a gaban kawunta har ya ga ƙasan kwanon.

Uwarku,
Raihanatu ɗiyar Malam Illo