Taku Arba'in Daga Bakin Ruwa

Zuwa ga Yaya Bello,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙane ga wansa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ba ka iya karatu ba, ni ma haka. Limaminmu ne ke rubutawa, na kuma hana shi gyara mini magana.

Gida lafiya. Daga Gude har Gammo yanzu ba ka ganin komai sai gyaɗa, makiyayar da muka tashi a ciki duk an nome ta. Matarka Hanne ta rasu bara. Habu, ɗan da ka bari a cikinta, ya yi furfura, direban babbar mota ne. Tafiyarka ce da shi sak, har jan ƙafar.

Ka tuna labarin Lakwaja da Kaka ke ba mu? Ya ce a zamaninsa 'yan bukkoki ne a gindin dutse, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, Nufawa da Kakanda na kawo kaya a kwalekwale. Sai Turawa suka zo da jirgi mai hayaƙi, suka kafa kanti da bariki, gari ya cika ya batse. Daga baya suka kwashe mulkinsu suka yo arewa, suka bar wa Lakwaja kogin. Shekarar da muka kora shanu can, mun tarar da jirage na gangarowa da gyaɗar Kano daga Baro. Ka yi dariya ka ce gyaɗa ta riga mu zuwa, kuma ita ƙafarta ba ta kumbura ba.

Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya ɗauke ka a gidan fatomanmu, mai saukar da mu fataken shanu. Da aka rufe ka, sai na yi abin da muke yi wa gona. Na tsaya a bakin ruwa, na fuskanci dutsen, na ƙirga taku arba'in zuwa kabarinka, na dasa gamba. Rani ne. Rafinmu na gida inda ka bar shi nan za ka same shi. Wa ya gaya mini akwai ruwan da ke tashi ya yi tafiya?

Bayan jana'izar Hanne, Habu ya ce in kai shi wurin ubansa. Na ce ko idona a rufe. Ka san ni ake kira a Gude in an yi gardamar iyaka ko ta asali, kuma ban taɓa cewa ban sani ba.

Yaya, garin ba shi ba ne. Rufin kwano har kan dutsen, jirgin fito na ɗaukar motoci kamar akuyoyi, ga shi ƙarshen damina, kogi ya cika. Na ƙirga arba'in, na tsinci kaina a rumfar wata mai suyar kifi. Ta tambaye ni ko allura ta faɗi, ta ara mini tsintsiya. Na koma na sake, na faɗa shagon kafinta. Wani tsohon mai kwalekwale ya ce maƙabartar baƙi ta dā, rabinta ruwa ya cinye, rabinta kasuwa ta hau. Na ce ƙarya yake yi.

Habu na tsaye yana kallona, hularsa a hannu. Sai na nuna masa gindin wani mangwaro. Ya durƙusa ya yi ta addu'a, yana kuka kamar yaro, ni ina tsaye a kansa ina cewa amin. Da yatsan da na nuna wa mutane iyakar gaskiya shekara da shekaru, da shi na yi wa ɗanka ƙarya.

Ina kake, Yaya? Ƙarƙashin ruwan, ko ƙarƙashin ƙafar masu ciniki? Me ya hana a lokacin in tambayi mutanen garin yadda suke shaida kabari? Girman kai ne, ba wani abu ba. Liman ya ce addu'a ba ta ɓatan hanya, ta isa gare ka ko daga ina aka yi ta. Na yarda. Amma Habu ya ce baɗi zai kai 'ya'yansa gindin mangwaron nan.

Shi ya sa na roƙi liman, in ya gama rubutun nan, ya kira Habu ya karanta masa, ina zaune. Bakina ba zai iya ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, duk inda yake.

Ƙanenka Sale na Gude, wanda bai san inda ya ajiye ka ba.