Tayar Baba Ta Bushe

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna, a makwancinki.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, ni ce 'yarki Balaraba. Na san takarda ba ta zuwa inda kika tafi. Amma abin da ya faru a gidanki na unguwar New Bell a Douala ya fi ƙarfin cikina, kuma in ban faɗa miki ba, ban san wanda zan faɗa wa ba. Masu karantawa su karanta, ni dai da ke nake.

Inna, tayar Baba ta bushe.

Ke kaɗai ce za ki ji wannan magana gabanki ya faɗi. Kin tuna tsakar gidanmu, wadda ko akuya aka ɗaure sai ta yi ƙorafin matsi. Duk da haka kika ce sai kin yi lambu. Kika bi mai faci na bakin titi da roƙo har ya gaji ya ba ki tsofaffin tayoyin mota, kika cika su da ƙasa, kika jera a gindin katanga. Sannan kika kafa doka: kowa da tayarsa, kuma a kanta zai yi alwala. Kullum kina cewa, "Ruwan da ya wanke fuskar mai salla ba na kwata ba ne."

Tawa alayyafo, ta ƙanena Sani barkono, taki yakuwa. Ta Baba kuwa na'a-na'a, saboda shayinsa.

Sai da muka girma muka gane ba lambu kaɗai kika shuka ba, 'yan sanda kika dasa mana. Lokacin da Sani ya fara samartaka yana makara sallar asuba, ba ki daka masa tsawa ba. Kin duba tayarsa kawai kika ce, "Sani, barkononka ya kai ƙararka." Washegari ya saci jiki ya juye mata bokiti guda. Kika zo kika tarar da taɓo, kika riƙe haɓa: "Malam Sani, salloli nawa ka ƙara a kan biyar ɗin?"

Ta Baba ba ta taɓa kai ƙara ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kiran salla a masallacin layinmu, na'a-na'arsa har maƙwabta ke aiko yara tsinka.

Da damina kika rasu. Kin san ruwan Douala, ba ya tambayar wa ya yi salla wa bai yi ba, kowace taya sai ta yi kore. Taya ba ta ba da shaida sai da rani.

Tun da kika tafi nake zuwa gidan duk Asabar daga gidan aurena a Bonamoussadi. Sauran kwanakin ina ofis a Bonanjo. In na zo sai in durƙusa a bakin ƙofar Baba in gaishe shi. Kullum yana zaune a kan darduma, ya naɗe ƙafafu cikin babbar riga, ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta. "Ça va, Uwata, lafiya ƙalau," haka yake cewa, don har yau bai daina kirana da sunan mahaifiyarsa ba. In ajiye masa abin da na kawo, in shiga hira da matar Sani, in kama hanya kafin cunkoso. Na ɗauka zumunci nake yi.

Da rani ya zo ƙarshe na ce bana ni zan yi aikin da kika saba yi kafin ruwan farko. A juye tsohuwar ƙasa a gauraya da toka da kashin kaji. A ɗora tayoyin a kan bulo kada ambaliya ta kwashe su. A yashe kwatar ƙofar gida, a sassare zogalen bayan ɗaki don ya yi sabon toho. Na zo ran Lahadi da tsohon zanenki na aiki, na ce zan kwana in wuce ofis da safe. Maƙwabciyarmu Mama Odil ta miƙo min sandunan shuwaka ta kan katanga, kamar yadda take miƙo miki.

Na fara da taki, na zo kan ta Sani. Barkonon ya yi jajir, har na yi dariya na ce yaro ya shiryu. Ina matsawa gaba na yi mutuwar tsaye. Ƙasar tayar Baba ta tsattsage. Na'a-na'ar ta koma ƙirare, na taɓa ganyen ya marmashe a hannuna. Na tura yatsa cikin ƙasar har ya nutse, babu ko alamar danshi.

Na kira Sani. Ya ce ai Baba ya daɗe da komawa alwala a ɗaki, wai sanyi yake ji, shi ya sa ma ba ya rabuwa da safa. Masallaci kuma gwiwa ce ta hana shi. Sanyi, Inna! A Douala, a cikin zafin da mutum ke wanka ya fito yana gumi! Ruwa dai ba ya tsami banza.

Allah Ya yafe min abin da na zata. Na ɗauka baƙin cikin rashinki ya taɓa shi har ya bar salla. Na rasa yadda 'ya za ta dubi ladan ta tambaye shi ko yana salla. Na kwanta da abin a raina.

Ana wata ga wata. Gari ya waye babu taksi babu bensikin, wato 'yan acaba, direbobi sun shiga yajin aiki saboda tsadar mai. Kafin hantsi abin ya wuce yajin aiki. Aka rufe kasuwa da shaguna, hayaƙi ya tashi a kowace mararraba, muna jin harbi daga wajen babban titi. Samari suka shigo layi suna neman tsofaffin tayoyin ƙonawa. Wani ya leƙo ya hango naki a jere. Da kin ga Sani, Inna. Ya tare ƙofa da taɓarya ya ce duk wanda ya taɓa lambun uwarsa sai dai a ƙona su tare. Ni kuwa hanyar gida ta toshe, dole na zauna.

Zaman dolen nan ne ya nuna min abin da ziyarar Asabar ta ɓoye.

Da azahar kowa yana ɗaki saboda harbin, ni ina bayan zogale ina tara ganye. Sai na ji ƙofar Baba ta buɗe a hankali. Ya leƙa dama da hagu kamar mai sata a gidansa. Ya fito dafe da bango, yana jan ƙafar hagu, da ƙaramin kwano a hannu. Ya wuce tayarsa ko kallonta bai yi ba, ya nufi kwata.

Na sha gabansa na kama kwanon. Ya riƙe, na riƙe. Ruwan ya fantsamo min a hannu, ja-ja, da mugunya a ciki. Warin kuwa na san shi. Makonni muna jin sa a gidan, muna tsine wa kwatar layi da masu zuba shara a cikinta. Wa zai ji wari a New Bell da rani ya zargi ɗakin ubansa?

Na zaunar da shi a kan turmi na durƙusa. Safar ta manne da nama, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi ta fita. Inna, ban san ƙafar mutum mai rai tana iya zama haka ba. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi. A tafin akwai rami da ya cusa wa auduga da toka. Kumburin ya haura idon sawu.

Ashe bayan sadakar arba'in ɗinki ya fito shi kaɗai zai gyara yakuwarki, ya taka guntun kwanon rufi mai tsatsa. Bai ma ji ba, sai jini ya gani a ƙasa. Ciwon sukarin nan ya daɗe da kashe masa jin ƙafa. Ke kin sani. Yanzu na gane abin da kike yi duk yamma, kin ɗora ƙafarsa a cinyarki kina shafa man kaɗanya, kina buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Mu muna tsokanarku wai tsofaffi sun ƙi tsufa. Ashe duba kike yi.

Ke ma da laifinki, Inna, yau sai na faɗa. Kin koya mana ranar da ake shuka kuɓewa da yadda ake adana iri a cikin toka, amma kin riƙe ƙafar mutumin nan ke kaɗai, ba ki ce wa kowa ga abin da za a riƙa dubawa ba.

Salla kuwa ko ɗaya bai bari ba. Na tambaye shi me ya sa ya ɓoye. Ya ce, "In kun gani za ku kai ni a yanke." Na ce to tayar fa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba zan zuba wa shukar Hajiya wannan ruwa ba."

Gaba kura, baya sayaki. A waje ana harbi, a gida zazzaɓi ya rufe shi har ya fara kiran sunanki. Kantin magani a rufe, mota babu. Mama Odil ce ta turo mana pus-pus ɗin mijinta, keken hannun da yake dakon ayaba da shi. Muka shimfiɗa katifa muka kwantar da Baba. Sani na turawa, ni ina gaba na ɗaga farin mayafi sama. Titi duk duwatsu da toka. Mutumin da muryarsa ke tada unguwa, ga shi ana tura shi kamar kayan kasuwa. Ya ja hula ya rufe fuskarsa.

Jandarmomi suka tare mu a mararraba, bindiga a hannu. Ɗayansu ya ɗaga zanen da muka rufe ƙafar da shi, ya toshe hanci ya ja da baya. "Passez, passez," kawai ya ce, wato mu wuce.

A asibiti mutane kwance har ƙasa. Da likita ya samu zuwa kanmu, ya duba ƙafar, ya dube ni da kayan aikin lambu a jikina. "Madame, c'est depuis quand?" Tun yaushe? Ni da nake zuwa duk Asabar ban sani ba. Sani da yake kwana a gidan shi ma haka. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ko ƙafa, ko mai ƙafa, kuma ba a jira gobe ba.

Baba ya ce atafau. Yadda Allah Ya ba shi jikinsa, haka zai mayar masa. Sani ya roƙa, ya yi kuka, a banza.

Inna, ban taɓa ɗaga murya a gaban Baba ba, kin sani. Ran nan na ɗaga, a gaban mutane. Na ce ke da kika tafi ba a tambaye mu ba, ba a ba mu zaɓi ba. Shi an ba shi, kuma yana so ya zaɓa mana maraici na biyu a shekara ɗaya saboda ƙafar da ta riga shi mutuwa. Ya dubi likitan ya ce, "Uwata ta yi magana."

An yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Har yanzu in na rubuta wannan sai in tsaya in sake karantawa, kamar labarin gidan wasu. Gari ya lafa, taksi sun dawo, na koma ofis ina buga takardu, amma hankalina bai dawo ba. Na kwaso kayana na dawo New Bell, mijina ya ce in zauna har Baba ya warware. Duk yamma in na je asibiti ina ɗora ƙafar da ta rage a cinyata, ina buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Yana kawar da kai don kunya, ni kuma ba na fasawa.

Aikin lambu mun gama. Tayoyin na kan bulo, kwata ta yashe, zogale ya fara toho, shuwakar Mama Odil ta kama. Hadari na haɗuwa ta wajen teku, ruwan farko ya kusa. Tayar Baba na juye ta na zuba sabuwar ƙasa. A can ƙasa na tarar da 'yan saiwoyi farare da ba su mutu ba, na mayar da su.

Jiya aka sallamo shi. Da la'asar ya ce a fito da shi tsakar gida. Sani ya ajiye masa kujera a gaban tayarsa, na miƙa masa buta. Ya wanke hannu da fuska, ya shafi kai, ya ɗora ƙafar dama a bakin tayar ya wanke ta tsaf. Sai hannunsa ya wuce hagu da butar, yadda ya saba tun kafin a haife ni. Ya karkata ta, ruwan ya zuba, babu abin da ya tare shi. Ya sauka kai tsaye a kan ƙasar tayar.

Na kai hannu zan karɓi butar. Ya hana ni. Ya dubi wurin da ƙafar take a da, ya dubi ƙasar tana shanye ruwan, sannan ya ci gaba da zubawa har butar ta ƙare.

"Bar shi, Uwata," in ji shi. "Wannan rabon Hajiya ne."

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya tsakar gidan nan. Ya bar mana Baba, Ya ba ni idon da kike duba shi da shi. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Balaraba